Saƙar Igiyar Ƙarfe da Hannu: Sana'ar da Haƙar Kuza Ta Kawo Jos

Igiyar ƙarfe, wadda makanikai da masu haƙar ma'adinai suka fi kira waya kawai, tana cikin kayan aikin da ba a cika ɗaga ido a duba ba, alhali a jikinta nauyin aiki yake ratayuwa, tun daga motar janwe da ke fito da tirela daga kwazazzabo a Hawan Kibo har zuwa injin da ke huda dutse don haƙa rijiyar burtsatse a unguwannin Jos. Komai ƙarfin wannan igiya, ba ta da amfani sai an sami hanyar da za a kama bakinta, wato a yi mata ido wanda ƙugiya za ta shiga, ko kuma a haɗa ta da wata igiyar idan tsawonta ya gaza. A nan ne wahalar take, domin igiyar ƙarfe ba ta karɓar ƙulli yadda igiyar rama ke karɓa, kuma walda, wadda ta zama maganin kowace karaya a garejojin ƙasar nan, lalata ta take yi, saboda zafin wuta yana kashe taurin da aka ba wayoyin a masana'anta, ya bar wurin ya yi rauni ko da a ido ya yi kyau. Hanyar da aka daɗe da dogara da ita, kafin injunan matsi su yawaita, ita ce a warware bakin igiyar a mayar da rassanta cikin jikinta da hannu, aikin da ake kira saƙa.

Fahimtar saƙar tana bukatar a fara sanin yadda aka gina igiyar. Ana ɗaukar siraran wayoyi na ƙarfe mai tauri a murɗe su tare su zama reshe guda, sannan a ɗauki rassa, galibi shida, a murɗe su kewaye da wata zuciya da ke tsakiya. Zuciyar tana iya zama ta zaren tsiro da aka jiƙa da mai, wadda ke ba igiyar laushi tana kuma shayar da wayoyin mai daga ciki, tana iya kuma zama wata ƙaramar igiyar ƙarfe, wadda ta fi jure matsi da zafi. Idan dillali ya ce igiya shida sau goma sha tara ce, yana nufin rassa 6 ne, kowanne da wayoyi wajen 19, wato wayoyi 114 ke raba nauyin a tsakaninsu, kuma wannan rabon shi ne fifikon igiyar a kan sarƙa: sarƙa tana tsinkewa gaba ɗaya da zarar zobe guda ya ɓalle, igiya kuwa tana fara nuna gajiyarta da tsinkewar waya ɗaya ko biyu, ta ba mai lura damar sauke kaya tun da sauran lokaci. Alkiblar da rassan suka bi wajen naɗuwa ita ce murɗin igiya, na dama ko na hagu, kuma duk hikimar saƙa a kan wannan murɗin take, domin idan aka ja igiya rassanta suna matsowa tsakiya su danne duk abin da aka zura a tsakaninsu. Saboda haka nauyin da ke neman fizge saƙar shi ne kuma yake ƙara damƙe ta.

Asalin igiyar kanta daga ramin ma'adinai yake. Wani jami'in haƙar ma'adinai Bajamushe, Wilhelm Albert, shi ne ya fara amfani da ita a 1834 a ramukan Clausthal da ke tsaunukan Harz, inda sarƙoƙi ke yawan tsinkewa, igiyoyin zare kuma ke ruɓewa saboda danshi, kuma igiyarsa ta farko rassa uku ce, kowanne da wayoyi huɗu, da hannu aka murɗa ta. Cikin shekaru goma masu masana'antu a Birtaniya, irin su Robert Newall, da John Roebling a Amurka, wanda daga baya ya tsara gadar Brooklyn, suka mayar da ita haja ta kasuwa. Dabarar saƙa ta kuwa daga matuƙan jiragen ruwa aka gado ta, waɗanda suka daɗe suna saƙa igiyoyin zare, shi ya sa har yau ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin saƙar ke ɗauke da sunan tashar jiragen ruwa ta Liverpool.

Kuza ce ta kawo wannan igiya tsaunin Jos, ko da yake ba da wuri ba. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwe suna narka kuza suna sayar da ita a siffar siraran sanduna, kuma bin sawun wannan ciniki ne ya kai ma'aikatan Kamfanin Neja, George Nicolaus da Henry Laws, yankin Naraguta da kogin Dilimi tsakanin 1902 da 1904. A shekarun farko aikin na jiki ne zalla: diga da shebur da kwanon sarki, da dubban leburori da ke kwasar ƙasa a ka, da 'yan dako da ke ɗaukar kuzar har zuwa Loko a bakin Binuwai. Injuna masu nauyi ba su iya hawa tsaunin ba sai da ƙaramin layin dogo na Bauchi ya iso daga Zariya, ya kai Bukuru a 1914, sannan babban layi ya iso ta Kafanchan a 1927, kamfanin NESCO kuma, wanda aka kafa a 1929, ya fara samar da wutar lantarki daga ruwan Kurra. Da aka cinye kuzar da ke kusa da doron ƙasa, sai ya zama dole a kwashe ƙasa mai kauri kafin a kai ga tsakuwar da ke ɗauke da ma'adinin, kuma wannan bukata ce ta shigo da diraglayin, wato ƙaton injin haƙa mai dogon wuya, wanda ke jefa guga mai haƙora nesa da shi, ya jawo ta da igiya ɗaya tana kankarar ƙasa, ya ɗaga ta da wata igiyar, ya juya ya zubar. Manyan kamfanoni, musamman Amalgamated Tin Mines of Nigeria da aka haɗa a 1939, wanda shi kaɗai ya riƙa fitar da kusan rabin kuzar Nijeriya, su ne suka fi ƙarfin sayen irin waɗannan injuna, kuma tudun ƙasa da kududdufan da ke shimfiɗe daga Rayfield zuwa Bukuru da Barikin Ladi yawancinsu aikin gugar nan ne.

Injin da duk motsinsa ya dogara da igiya, a wurin da tsakuwa da yashi ke gurzar ƙarfe dare da rana, yana cin igiya kamar me, kuma kowace igiya daga ƙetare take zuwa, ta jirgin ruwa sannan ta jirgin ƙasa. Manyan igiyoyin ja da ɗagawa na diraglayin akasari da wani soket mai wejin ƙarfe ake kama bakinsu, saboda ana yawan yanke wurin da ya gaji a sake kamawa, amma kewaye da injin akwai tarin ayyukan da sai da saƙa: majanyun ƙarfe da ake ɗaga famfunan tsakuwa da manyan bututu da su, da igiyoyin da ke riƙe turaku, da na jan injin da ya kafe a laka. A wuraren gyaran kamfanonin, da na hukumar jirgin ƙasa, aka horar da 'yan ƙasa wannan aiki, ta hanyar tsayawa kusa da wanda ya iya, da miƙa masa kayan aiki, da shan faɗa. Muhimmancinsa ya ƙara fitowa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan da Japan ta kama Malaya a farkon 1942 Birtaniya ta juyo ga kuzar Jos, aka tilasta wa dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa aikin da suka kira diban gwamna, aka fitar da fiye da tan 17,000 a 1943, a daidai lokacin da samun sababbin kayan gyara daga Ingila ya yi wuya ƙwarai. Littafin da Bill Freund ya wallafa a 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya ya yi bayanin wannan zamani filla-filla, sai dai, kamar yadda aka saba, tarihi ya fi riƙe adadin tan da yawan leburori fiye da abin da hannun ƙwararru ya sani.

Shi aikin kansa, idan ido ake son yi wa igiya mai rassa shida, yana farawa da awo da ɗauri. Mai saƙa yakan auna tsawon da zai warware, ya ɗaure wurin tam da siririyar waya mai laushi don kada warwarar ta zarce, sannan ya lanƙwasa igiyar kewaye da wani ƙarfe mai kwari a bayansa, wanda aikinsa shi ne ya hana ƙugiya cin igiyar da kuma hana idon matsewa, ya danne su tare a cikin bais, wato ƙarfen matse kayan aiki. Daga nan yakan warware rassan shida ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure kan kowanne don kada wayoyinsa su tarwatse, ya goge giris da tsumma. Babban makaminsa shi ne tsinken ƙarfe, dogo, mai kauri a gindi da ɗan faɗi a baki, wanda yake sokawa tsakanin rassan jikin igiyar, ya murɗa shi ya buɗe hanya, yana kaffa-kaffa kada bakin tsinken ya huda zuciyar ko ya raba wayoyin reshe guda. Zagayen farko shi ne mai wuya, kuma a nan ake gane gwani: a tsarin da aka fi koyarwa, reshe na farko yana wucewa ƙarƙashin rassa uku, na biyu ya shiga ta ƙofa ɗaya da shi ya fita ƙarƙashin biyu, na uku ƙarƙashin ɗaya, sauran ukun kuma kowanne ya sami nasa reshen, har ya zama kowane reshe ya fito ta tsagi dabam, ba biyu a wuri ɗaya. Wanda ya ɓata wannan zagaye ba shi da gyara sai ya zare duka ya sake, domin reshen da aka lanƙwasa ba daidai ba yana riƙe lanƙwasar har abada.

Abin da ya rage maimaici ne mai cin ƙarfi. Ana zura tsinke, a zura reshe a bayansa, a ɗan sassauta murɗin reshen da wuyan hannu don ya kwanta lumui maimakon ya tsaya a tanƙware, a ja shi da ƙarfi, a zare tsinke, a koma na gaba, kamar dai mai kitso da ba ta sakin silin da ta kama sai ta kama wani. Bayan kowane zagaye ana bubbuga saƙar da gudumar katako ko ta tagulla, daga wajen ido zuwa jikin igiya, don rassan su zauna, kuma ba a amfani da gudumar ƙarfe saboda tana yi wa wayoyin tabo, tabon kuma nan ne karaya ke farawa. A zagaye biyu na ƙarshe akan yanke rabin wayoyin kowane reshe, domin saƙar ta sirance a hankali har ta koma kaurin igiyar, tunda kauri da ya yanke farat ɗaya yana tara wahala a wuri guda. Sauran bakin wayoyin ana lanƙwasa su gaba da baya har su karye a cikin tsagi, sannan a naɗe wurin da waya mai laushi ko zare mai kwalta, saboda tsinin wayar da aka bari a waje yana yaga tafin hannu ko da an sa safar fata, kuma raunin waya mai tsatsa da giris ba ya saurin warkewa.

Akwai hanyoyi biyu na tafiyar da zagayen da ke bayan na farko, kuma bambancinsu ya taɓa zama maganar doka. A saƙar Liverpool kowane reshe yana ta naɗe reshe guda na jikin igiyar, yana bin murɗinta, abin da ke sa ta yi sauri ta kuma yi kyan gani. A ɗaya hanyar reshen yana tsallake ɗaya ya shiga ƙarƙashin ɗaya, yana saɓa wa murɗin. Aibin ta farko yana bayyana ne idan kaya na rataye a igiya guda suna juyawa, domin juyin yana buɗe murɗin igiyar, matsin da ke riƙe rassan ya saki, saƙar ta zame gaba ɗaya ba tare da waya ko ɗaya ta tsinke ba. Wannan ne ya sa dokokin tashoshin jiragen ruwa na Birtaniya na 1934 suka wajabta cewa saƙar ido ta kasance da aƙalla zagaye uku da cikakkun rassa, da biyu da rabin wayoyi, kuma a saɓa wa murɗin igiyar. Ƙa'idar da ta fito daga nan tana aiki a bakin kowane rami a Filato: igiyar da aka saƙa da hannu ba a barin kayan da ke jikinta su yi ta wulwulawa, sai a ɗaura musu wata igiyar da wani zai riƙe daga gefe.

Haɗa igiya biyu baki da baki ba tare da kaurinsu ya ƙaru ba, wanda ake kira doguwar saƙa, shi ne ƙololuwar sana'ar. Ana warware rassa uku daga kowane ɓangare a nesa mai tsawo, a kwantar da rassan ɗaya igiyar a gurbin da 'yan'uwansu suka bari, a rarraba wuraren haɗuwar nesa da juna, sannan a kowane wuri a zare zuciyar igiyar a cusa jelar reshen a madadinta, ta yadda mai wucewa ba zai gane inda aka haɗa ba. Ƙa'idar Turai ta motocin da ke tafiya a kan igiya ta ce tsawon irin wannan saƙa kada ya gaza kaurin igiyar sau 1,200, wato igiya mai kaurin milimita 40 tana bukatar saƙa mai tsawon mita 48. Har yau babu injin da ke yin wannan aiki, kuma igiyar da ke zagayawa da irin motocin da aka buɗe a tsaunin Obudu na Jihar Kuros Riba a 2005 da hannun mutane aka rufe da'irarta.

Saƙar ido kuwa injin matsi ya karɓe ta a yawancin duniya tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka fara zura bakin igiya cikin hannun riga na alminiyam ko na ƙarfe a matse da injin mai ƙarfin ɗaruruwan tan, dabarar da kamfanin Talurit na Suwidin ya yi suna da ita. Hujjar injin a fili take. Saƙar hannu tana riƙe kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na ƙarfin igiyar, kuma kason yana raguwa yayin da igiyar ke ƙara kauri, matsin inji yana kai kashi 90 ko fiye, soket ɗin da ake zuba wa narkakken ƙarfe yana riƙe ƙarfin duka, ƙulli kuwa yana iya zubar da rabi. Lissafin yana da sauƙi: igiya mai kaurin milimita 16 ta irin da aka fi sayarwa tana tsinkewa a wajen tan 15, saƙar hannu mai kyau tana mayar da wannan wajen tan 12, kuma da yake ƙa'idar ɗaga kaya ita ce a raba ƙarfin tsinkewa gida biyar, abin da ya halatta a ɗora mata bai kai tan biyu da rabi ba. Wannan lissafi na sabuwar igiya ne, wadda ba ta taɓa tsatsa ko murɗewa ba.

Irin wannan sabuwar igiya ita ce ba ta da yawa a hannun ƙananan masu aiki a Jos a yau. Haƙar kamfanoni ta fara ja da baya tun shekarun 1970, sa'ad da kuzar da ke da sauƙin kaiwa ta ƙare, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sauya mallaka ba tare da sabon jari ya shigo ba, sannan rushewar Majalisar Kuza ta Duniya a watan Oktoba na 1985 ta karya farashi. Injunan suka tsaya, da yawa aka yanka su aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe, wuraren gyaran da ake koyon sana'a a cikinsu suka rufe. Haƙar ba ta tsaya ba, ta koma hannun matasa da ke nutsa ramuka masu zurfi da ake kira loto a Bukuru da Barikin Ladi da kewaye, suna sauka da fitar da ƙasa da igiya da guga, kuma masu janwe da masu burtsatse da masu fasa dutse da masu lodin katako duk suna nan suna aiki da waya, wadda sau da yawa ta riga ta gama rayuwarta ta farko a wani kiren ko wani jirgi kafin ta iso kasuwar tsofaffin kaya. Abin lura shi ne yanayin da aka ƙirƙiro saƙar hannu dominsa, wato wurin da babu injin matsi, babu wuta, kuma shago na nesa, shi ne ainihin yanayin waɗannan mutane, amma a daidai nan ne ilimin ya yi ƙaranci.

Abin da ya maye gurbinta shi ne kilam, wato maƙalin ƙarfe mai lanƙwasa da sirdi da noti biyu, wanda kowa ke iya ɗaurawa da sifana. Kilam ba abin raini ba ne, domin idan an ɗaura shi daidai yana riƙe wajen kashi 80 cikin ɗari, daidai da saƙa, amma sauƙinsa ke yaudara. Sirdin dole ya zauna a kan ɓangaren igiyar da ke ɗauke da nauyi, lanƙwasar kuma a kan guntun jelar, domin idan aka juya su lanƙwasar tana murƙushe wayoyin da ke aiki. Ana bukatar aƙalla uku a igiya matsakaiciya, tazarar da ke tsakaninsu ta kai kaurin igiyar sau shida, kuma a sake ɗaure notin bayan an ɗora nauyin farko, tunda igiya tana ɗan sirancewa idan ta miƙe. Kilam ɗaya ko biyu da aka ɗaura a juye, a kan ido marar ƙarfen kariya, abu ne da mai ido zai iya gani a bayan motoci da dama a kan hanyar Jos zuwa Akwanga. Haka kuma mai saƙa na da ba saƙa kaɗai ya iya ba, shi ne ke duba igiya ya yanke hukuncin ranar da za a jefar da ita, yana bin ta da tsumma a hannu don ya ji inda tsinin waya zai kama, yana neman inda ta sirance, ko ta yi gwiwa, ko rassanta suka buɗe suka kumbura. Ƙa'idar da aka fi bi a kiren ita ce a ajiye igiya idan aka ƙirga wayoyi shida da suka tsinke a tsawon murɗi guda, ko uku a reshe ɗaya.

Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta tanadi cewa ƙwararre ya duba sarƙoƙi da igiyoyin ɗaga kaya aƙalla sau ɗaya a cikin wata shida, sai dai tanadin ya fi aiki a kamfanonin mai da tashoshin jiragen ruwa, bai kuma san hanyar ramin loto ba. Jos ba ta rasa wuraren da za su iya cike wannan giɓi ba: hedikwatar Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka kafa a 1971, a garin take, haka ma Cibiyar Nazarin Haƙar Ma'adinai da Kimiyyar Ƙasa, ga Kwalejin Fasaha ta Gwamnati a Bukuru, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha a Barikin Ladi. Kayan koyarwar ba su wuce bais da tsinke da guduma da guntayen igiya ba, kuma waɗanda suka yi aikin a zamanin kamfanoni, idan suna raye, yau tsofaffi ne ƙwarai. Ya kamata waɗannan makarantu, tare da ƙungiyoyin masu haƙa da na masu janwe, su nemo su tun yanzu, su zaunar da matasa a gabansu, su kuma haɗa darasin saƙa da na ɗaura kilam da na duba igiya a cikin horo guda mai takardar shaida.